Daga Gammo Zuwa Titin Gidan Zoo: A Riƙa Kai Yara Kasuwar Baje Koli

Kaka ce kaɗai lokacin da manomi yake ɗan miƙe ƙafa. A Gammo da Garo da Kanwa da sauran garuruwan Kabo, har zuwa Getso da Kutama da Lakwaya a ƙasar Gwarzo, da zarar watan Nuwamba ya yi nisa za ka tarar masara ta shiga rumbu, an cire gyaɗa, an gama roron wake, ana ɗaure dammunan dawa, aikin noman rani kuma bai kankama sosai ba. Aljihu ya ɗan yi nauyi, an biya bashin taki, wasu na shirin aurar da 'ya'ya, wasu na lissafin kwanon rufi. A daidai wannan lokaci ne ake buɗe Kasuwar Baje Koli ta Ƙasa da Ƙasa a birnin Kano, a filinta da ke titin Gidan Zoo. Cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu da ma'adinai da aikin gona ta Kano, wato KACCIMA, ita ke shirya ta duk shekara. Takan fara a ƙarshen Nuwamba ta shiga farkon Disamba, ta ɗauki kimanin mako biyu, kuma wadda aka yi a ƙarshen 2024 ita ce karo na 45.

Mutanenmu na zuwa, amma galibi maigida ne shi kaɗai, ko shi da abokinsa. Ya shiga da hantsi, ya zaga, ya sayo tocila mai caji da bargo da ɗan turmin atamfa, ya dawo da daddare da labari. Yara kuwa sai dai su ji a bakinsa, ko su ji tallar kasuwar a rediyo. Idan ka tambaye shi dalili zai ce yara wahala ne, kuɗin mota ya yi tsada, kuma birni ba wajen wasa ba ne. Duk gaskiya ya faɗa. Sai dai kowanne daga cikin ukun nan yana da magani, alhali asarar da yaron ya yi ta rashin zuwa ba a mayar da ita da tsaraba.

Bari mu fara da abin da yaron ƙauye zai gani a can, domin a nan ne amfanin tafiyar yake. Yaron Gammo ya san noma fiye da yaron Nassarawa ko Zoo Road. Ya san ranar da aka yi shuka, ya yi noman firi da maimai, ya kori tsuntsu, ya ɗora buhu a amalanke. Amma iliminsa yana tsayawa ne a bakin titi, inda mota take ɗaukar buhunan ta nufi Dawanau ko wata kasuwar hatsi. Daga nan bai san abin da ke faruwa ba. Bai san inda masarar take shiga ba, bai san wa yake cin ribar waken soyar da ya sha ƙaiƙayi wajen casarsa ba. A rumfunan baje koli zai haɗu da amfanin gonar ubansa ya sake kama: masara ta zama gari a leda mai sunan kamfani, gyaɗa ta zama mai a jarka mai hatimi, shinkafa ta fito fara tas ba tsakuwa, tumatir ya shiga gwangwani, zoɓo da citta sun shiga kwalba. Uba mai dabara sai ya tsaya a nan, ya ce wa ɗansa: "Tambayi mai rumfa nawa ne wannan ledar." Sannan ya tuna masa nawa suka sayar da kwanon masara a kasuwar garinsu makon jiya, ya bar shi ya yi lissafin da kansa. Yaron da ya gano tazarar da ke tsakanin kuɗin nan biyu, ya kuma tambaya ina tazarar ta tafi, ya ɗauki darasin da manya da yawa suka tsufa ba su ɗauka ba.

Wannan kuwa tsohon ciwo ne a ƙasar Kano. Tun da jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, gyaɗar kakanninmu ce aka riƙa tarawa ana gina dalar gyaɗa da ita, irin su Alhassan Ɗantata suna saye suna turawa bakin teku, a matse manta a Turai. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme a ƙasar Hausa, ta daɗe tana ratsa Sahara, Turawa suna kiran ta fatar Maroko saboda ta can ta iso musu. Mu ne da wahalar, sunan da kaurin ribar suna wani waje. Daga baya aka kafa masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, wasu suka tsaya, da yawa suka durƙushe saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje. Ba sai uba ya zama malamin tarihi ba kafin ya faɗa wa ɗansa wannan. Jimla biyu a gaban rumfar masu man gyaɗa ta isa.

Sai kuma injuna, waɗanda su ne suka fi ɗaukar hankalin yara maza, har ma da iyayensu. Akan kawo injin casar masara da na shinkafa, injin niƙa, ƙaramar garmar inji da mutum ke turawa da hannu, injin ƙyanƙyasar ƙwai, da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Wannan na ƙarshe ya shafi mutanen yankinmu kai tsaye, domin ga madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, ga ta Challawa can a Ƙaraye, kuma duk mai noman rani ya san yadda kuɗin fetur yake cinye ribar tumatir da albasa tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Yaron da ya saba ganin ubansa yana ɗaukar galan zuwa gidan mai, idan ya ga ruwa yana ɓulɓulowa daga tiyo ba hayaƙi ba ƙara, dole ya yi tambaya. A bar shi ya yi. Masu rumfa sun zo ne domin a tambaye su, kuma amsa tambayar yaro ba ta rage musu komai. Abin da ke hana yaranmu magana a irin wannan wuri shi ne tsawar da muke yi musu: "Kai, rufe mana baki, kada ka ba mu kunya." Kunyar da ta fi wannan ita ce a kai yaro gaban abin da bai taɓa gani ba, a dawo da shi bai san sunansa ba.

Idan aka ci sa'a masu binciken aikin gona ko kamfanonin iri sun kafa rumfa, to a nan ya kamata a fi daɗewa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ce ta fitar da yawancin ingantattun irin da ake shukawa a Arewa, shi ya sa sunayensu suke farawa da SAM: masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA. Manoma da yawa suna shuka su ba su san daga ina suka fito ba. Haka buhun nan na adana wake da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Sirrinsa ba wani magani ba ne: leda biyu ce masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje, a ɗaure kowanne tamau, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu. Yaro ɗan shekara goma zai fahimci wannan cikin minti biyu, kuma shi ne zai tuna wa mutanen gida ranar da wani ya ɗauko fiya-fiya zai zuba wa wake. Ba ƙaramar magana ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa, kuma waken da Turawa suka ƙi, mu ne muka ci shi a garau-garau da ƙosai.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi, a ɗauki yara maza a bar mata a gida, a bar uwarsu ma. In aka duba da kyau, a gidajenmu mata ne masana'antar. Su ke matse man gyaɗa su toya ƙuli-ƙuli, su ke yin daddawa da awara, su ke dakan yaji da fura, su ke turara shinkafa, su ke kiwon akuya da kaji a bayan ɗaki. A baje koli kuwa akwai mata 'yan uwansu daga Kano da Borno da Nijar da wasu wuraren, sun baje turaren wuta da humra da sabulu da man kaɗanya da garin kunu da yajin daddawa, kowanne a mazubi mai kyau da suna da lambar waya. Kayan dai su ne waɗanda uwargida take yi a Gammo, wani lokaci ma nata ya fi ɗanɗano. Bambancin yana wajen tsafta da ƙunshi da sanin inda mai saye yake. Uwargida da 'yarta idan suka tsaya minti goma da irin waɗannan mata, suka tambayi inda ake sayen robar da yadda ake liƙe bakin leda, sun fi maigida cin ribar tafiyar. Wanda ke ganin fitar iyali ba ta dace ba, ai shi ne zai raka su, ƙafarsa ƙafarsu, su dawo tare kafin duhu.

To, kada kuma a zuzuta wurin fiye da kima. Wani babban sashe na baje kolin kasuwa ce kawai irin ta kullum: robobi, tukwane, takalma, katifu, kayan wasan yara na ƙasar Sin da ke lalacewa kafin a isa gida. Lasifika na tashi ta kowace kusurwa, kowa na cewa nasa ne mai rahusa. Wani abin da gaske an rage masa kuɗi, wani kuwa a Kantin Kwari ko Sabon Gari ko Singa ya fi sauƙi. Wanda bai san farashin abu a waje ba, ba shi da hanyar gane ko an yi masa ragi. Duk abin ci ko na sha ko magani da ke cikin ƙunshi, a duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace, a kuma nuna wa yaro inda ake dubawa, domin gobe shi za a aika kanti. Wanda zai sayi inji ya karɓi rasit da takardar garanti, ya tambayi adireshin shagon kamfanin a cikin Kano da inda ake samun kayan gyaransa, domin bayan mako biyu rumfar nan za a kwashe ta. Sannan akwai layin masu maganin gargajiya. A cikinsu akwai masu mutunci, amma wasu suna tallar maganin maza da na mata da kalaman da mutum ba zai so ya ji su a gaban 'yarsa ba. Da ka hango irin wannan taro, ka canza layi tun daga nesa. Haka masu kiran a sayi tikiti a ci babur ko firji: a wuce su, a kuma gaya wa yara dalilin wucewar.

Yanzu sai batun shiri, wanda shi ne ke raba tafiyar daɗi da ta da-na-sani. A zaɓi ranar aiki idan zai yiwu, a kuma isa da safe. Yammacin Juma'a da Asabar da Lahadi, da kwanakin ƙarshe na kasuwar, su ne lokacin da birni gaba ɗaya yake ɗurowa wurin, titin Gidan Zoo ya cushe, mai riƙe da yara uku ya rasa inda zai sa ƙafa. Lokacin kuma yakan zo kusa da jarrabawar ƙarshen zangon farko, saboda haka a tuntuɓi malamin makaranta kafin a tsayar da rana. In ba yadda za a yi sai Asabar, to a yi sammako a fito kafin la'asar. Daga Gwarzo zuwa Kano kusan kilomita 70 ne, daga garuruwan Kabo kuma bai kai haka ba. Hanyar takan bi ta Rimin Gado da Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a sauka a Rijiyar Zaki ko Kabuga, daga nan a hau adaidaita sahu, tunda an hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin tun 2013. Idan an zo wucewa ta gaban jami'ar a nuna wa yara ƙofar, a gaya musu a ciki akwai cibiyar da ba ta da aiki sai binciken noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu. Ganin ƙofar ma wani abu ne ga yaron da bai taɓa jin an ce jami'a tana da ruwa da gona ba.

Kuɗin mota ya yi tsada, ba musu. Maganinsa guda biyu ne. Na farko, ba dole ne a kwashi gida duka ba. A ɗauki biyu ko uku bana, waɗanda suka kai shekara bakwai zuwa sama, baɗi kuma a ɗauki wasu, a kuma yi adalci tsakanin ɗakuna idan gidan mai mata biyu ne, domin irin wannan ƙaramin abu yana daɗewa a zuciyar yaro. Jarirai da masu tatata a bar su wajen kaka. Ba abin da za su tsinta sai ƙura da mura, kuma cunkoson jama'a a lokacin rani shi ne inda ƙyanda da sanƙarau suke samun hanya, musamman ga yaron da ba a kammala masa allurar riga-kafi ba. Na biyu, maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi shatar mota ɗaya, ta kai su ta jira su. Ya fi sauƙi, ya fi kwanciyar hankali, manya kuma sun yi yawa wajen lura da yara. Kuɗin komawa gida a ware shi daban tun daga gida, a ba uwargida ta ƙulle, kada a taɓa shi ko da an ga abin da ya tsone ido. Sauran a raba shi aljihu biyu saboda 'yan sane, waɗanda su ma lokacin kakarsu ke nan. Kowane yaro a danƙa masa ɗan abin da zai kashe da kansa, a ce masa iyakarsa ke nan. Zai yi ciniki, zai yi nadama, zai koyi abin da faɗa ba ya koyarwa.

A tafi da guzuri. Dambu, dafaffen ƙwai, dankali, ƙuli-ƙuli, da ruwan sha mai yawa a gora. Abincin wurin yana da tsada, kuma wanda ya yini a buɗe cikin ƙurar hunturu ba abin ba yaro ba ne, sai dai abin da aka soya ko aka gasa a gabanka. A sa musu rigar sanyi saboda sammako, a shafa musu mai a leɓe da ƙafa. Yaron da ke da asma a ɗauko masa maganinsa da takunkumi.

Babban abin tsoro shi ne cunkoso da ɓatan yaro, kuma a nan ba na son a yi wasa. A ranar 18 ga Disamban 2024, a wani taron wasan yara da aka shirya a wata makaranta a unguwar Basorun ta Ibadan, inda aka yi alƙawarin raba kuɗi da abinci, turmutsutsu ya kashe yara 35. Kwana uku bayan haka aka sake rasa rayuka a wajen rabon kayan abinci a Abuja da Okija ta jihar Anambra. Duka ukun abu ɗaya ne ya haɗa su: an ce za a ba da kyauta, jama'a suka yi dafifi a ƙofa ɗaya. Saboda haka duk inda ka ji an ce ana rabon riga ko hula ko lemo kyauta, ka ga mutane sun ruga, ka ja 'ya'yanka ku yi baya. Idan kuma ka tsinci kanka cikin matsi, ka ɗaga ƙaramin ka saɓa a kafaɗa, kada ka sunkuya ɗaukar takalmi ko jaka, ka riƙa zamewa gefe-gefe har ka fita. Mutanen Kano kuma ba su manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka sanar da gano yara 9 da aka sace daga unguwannin birnin aka kai su Onitsha. Ba a baje koli aka ɗauke su ba, a kusa da gidajensu ne ma, amma labarin ya isa ya nuna cewa akwai masu farautar yaron da ba idon babba a kansa.

Matakan kariyar ba su da tsada. A rubuta lambar wayar uba da ta wani ɗan uwa a takarda, a sa a aljihun kowane yaro, ko a liƙa a cikin rigarsa. A tabbatar ya iya faɗin cikakken sunansa da na mahaifinsa da garinsu har da ƙaramar hukuma, domin "ni ɗan gidan Malam ne" ba ta kai kowa gida a birnin Kano. A sa musu kaya iri ɗaya masu launi mai haske, ankon Sallah ma ya wadatar, a ɗauke su hoto da waya kafin a shiga, don in ta kama a nuna wa jami'an tsaro. Da an shiga a nuna musu wuri ɗaya fitacce a ce nan ne mahaɗa, a kuma koya musu cewa wanda ya ɓata ya tsaya cak inda yake, ko ya nufi mai kayan sarki ko wata uwa mai rumfa, kada ya bi duk wanda ya ce zo in kai ka wajen babanka. Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma riƙon ƙaninta a ce an gama, ita ma kallo ta zo yi. Lokacin da aka fi sakaci shi ne lokacin ciniki da lokacin salla, saboda haka manya su yi salla bi da bi. In yaro ya ɓata, kada a ɓata lokaci ana zagaye ana kuka. Mutum ɗaya ya tsaya a mahaɗa, ɗaya ya garzaya wajen jami'an tsaro na bakin ƙofa da masu sanarwa da lasifika. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Wajen lilo da jirgin yara da sauran kayan wasa, a tsaya a kalli zagaye ɗaya tukuna. In babu abin ɗaure yaro, ko ƙarfen ya yi tsatsa, ko mai kula da injin hankalinsa na kan waya, a haƙura. Gidan Zoo kuwa, wanda Gwamna Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970, yana nan kan titin, kuma yara za su roƙa. In da sauran ƙarfi da kuɗi a leƙa na awa ɗaya bayan azahar, in babu a bar shi sai wata tafiyar. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne a kama hanyar gida da sauran rana.

Bayan an dawo, kada labarin ya mutu a bakin zaure. A sa yaran su ba kakarsu da ƙannensu labarin abin da suka gani, wanda ya iya rubutu ya rubuta, da boko ko da ajami, wanda ya iya zane ya zana injin da ya fi burge shi. Takardun talla da aka karɓo a rumfuna a kai wa malamin aji ko malamin gona.

Duk da haka, akwai abin da baje kolin Kano ba za ta iya ba yaron Gammo ba, domin a can shi ɗan kallo ne. A wasu ƙasashe akwai irin bikin da ɗan manomi yake zuwa a matsayin mai kaya. A Amurka kusan kowace jiha tana da bikin nunin amfanin gona na shekara-shekara, an fara na farko a garin Syracuse na jihar New York a 1841. Na jihar Minnesota kwana 12 ake yi, kuma a 2019 mutanen da suka shiga sun haura miliyan 2. Akwai lilo da ciye-ciye da kaɗe-kaɗe, amma gishirin bikin shi ne rumfunan dabbobi, inda yara 'yan ƙungiyar manoma ta 4-H suke kawo maraƙi ko tunkiya ko kaza da suka yi wata da watanni suna kiwo da hannunsu. Yaro ya ja dabbarsa gaban alƙalai, a tambaye shi me yake ba ta, nawa ya kashe, a ba wanda ya yi fice lambar yabo, sau da yawa a yi gwanjon dabbar kuɗin ya shiga hannunsa. A Faransa ma tun 1964 ake yin babban nunin aikin gona a Paris, shugabannin ƙasar suna zuwa su yini cikin shanu. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, yana haɗawa da nunin amfanin gona, kuma dattawa a ƙasar Kano suna tuna zamanin da ake tara manoma a gaban hakimi, a gwada zangarniyar wa ta fi tsawo, bijimin wa ya fi ƙiba, a ba da kyautar garma ko buhun taki.

Yaran da za su yi wannan muna da su. A kusan kowane gida a Kabo da Gwarzo akwai yarinyar da ke da akuyarta, akwai yaron da ya turke rago yana jiran Babbar Sallah, akwai mai tantabaru da zabi, akwai wanda uba ya yankar masa gayauna. Ba wanda ya taɓa tara jama'a ya ce ga wanda ya fi iya kiwo a cikinsu. Ana ba da kofi a ƙwallo, ana ba da kyauta a musabaƙa da kacici-kacici, duk da kyau, amma sana'ar da garin yake ci da ita ba ta da ranar yabo. Sannan mu dawo muna mamakin yadda saurayi yake sayar da gonar gado ya sayi babur ya tafi birni.

Shirya irin wannan rana ba ya buƙatar kwangila. Filin makarantar firamare, rumfunan zana ko na haya, yini ɗaya a cikin Disamba bayan an ba da hutu, malaman gona na hukumar aikin gona ta jiha, wato KNARDA, da likitan dabbobi su zama alƙalai, dillalan iri da taki da masu injin ban ruwa su biya kuɗin rumfa, daga ciki a fitar da kyaututtuka. A ware rukunin yara maza da na mata, a ware na matan aure masu sarrafa gyaɗa da waken soya da shinkafa. Waɗanda suka yi na ɗaya, ƙaramar hukuma ta kama musu rumfa a baje kolin Kano ta shekara mai zuwa, su je da kayansu da sunan garinsu a rubuce.

Kira nake yi ga shugabannin ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo, da hakimai da dagatai, da ƙungiyoyin manoma da na ci-gaban gari, su zauna kan wannan tun kafin damina ta faɗi, domin yaron da zai nuna rago a Disamba tun watan Yuni ya kamata a gaya masa. Kai kuma maigida, kafin su gama shawara, idan kakar bana ta yi kyau ka ware kuɗin buhu ɗaya, ka ɗauki uwargida da yara biyu ku je titin Gidan Zoo.